Daren da Shinkafa ta Koma Fari

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare saƙon Auta ya shigo wayata, kuma tun daga kalmar farko na san ba lafiya ba, don yaron nan ba ya cewa "Yaya, don Allah" sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Can inda yake, a Hat Yai da ke kudancin Tailan, ƙarfe biyar ne na asuba, don sun riga mu da awa shida. Ashe ko runtsawa bai yi ba.

Shekara huɗu ya yi a can yana karatun digirin digirgir kan yadda ake busar da shinkafa. Kundinsa cike yake da lissafi, saboda haka da LaTeX ya rubuta shi, kamar yadda na koya masa tun yana gabana a Zariya. Komai ya kammala sai shafi ɗaya tak. Jami'ar tana son taƙaitaccen bayanin kundin da harshen Tai, ban da na Turanci. Wani abokin karatunsa ɗan ƙasar ya fassara masa, Auta ya liƙa fassarar a cikin fayil, na'ura kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Kuma jibi za a miƙa.

"Turo min, Auta, minti goma ne," na ce masa. Kaico! Da na san zurfin rijiyar da ban zura guga da wannan gadara ba.

Na buɗe fayil, na ba pdfLaTeX, sai ga jan rubutu na zubowa kamar ruwan Agusta, kowane harafin Tai da nasa ƙorafin. Wannan bai ba ni mamaki ba. Donald Knuth ya fito da TeX a 1978, kuma pdfLaTeX har gobe tunaninsa na zamanin da zubin haruffa guda, wanda 'yan kwamfuta ke kira font, ba ya ɗaukar fiye da gurbi 256. Akwai tsohuwar hanyar da mutanen Tailan suka bi shekara da shekaru da shi, sai dai ta ratsa ta wurare da yawa, ni kuma ba ni da daren da zan ba ta. Na juya wajen XeLaTeX, wanda ya tsaya a kan injin XeTeX da Jonathan Kew na ƙungiyar SIL ya fitar a 2004. Shi wannan yana cin Unicode kai tsaye, yana kuma amfani da duk zubin da ke cikin kwamfutarka.

Na danna. Shiru, babu ko jan layi ɗaya! Na yi hamdala, na buɗe PDF ina murmushi, na gangara shafin bayanin Tai. Fari fat. Lambobi ne kawai da 'yan kalmomin Turanci biyu-uku suke shawagi a tsakiyar takarda kamar kaji a fili bayan an watse daga biki. Na murza ido. Jama'a, na'urar nan ta haɗiye sakin layi uku ba tare da ta yi ko tari ba! Sai da na tono fayil ɗin rahoto, mai ƙarewa da .log, wanda yawancinmu ba ma waiwaya, na tarar ta rubuta a can ƙasa, layi ɗaruruwa a jere, cewa harafi kaza babu shi a Latin Modern, harafi kaza ma babu. Ta faɗa fa, amma da raɗa ta faɗa, a ɗakin da ba kowa.

To, ashe zubin haruffa nake nema. A Ubuntu nake aiki, na rubuta fc-list :lang=th don in ga me nake da shi, kwamfuta ta ba ni hannu wofi. Na girka ƙunshin fonts-thai-tlwg, na sake tambaya, sai ga su sun jeru: Garuda, Norasi, Kinnari, Loma, Waree, Umpush, Purisa, Sawasdee, Laksaman. Wallahi sai da na tsaya ina karanta sunayen da ƙarfi. Aikin wata ƙungiyar 'yan sa-kai ne, Thai Linux Working Group, kuma Theppitak Karoonboonyanan ne ya daɗe yana kula da su, kyauta, kowa ya ɗauka. Garuda ɗin nan ma sunan tsuntsun almara ne da ke jikin tambarin ƙasar. Na zaɓi Norasi saboda ya yi kama da Times, na danna, na buɗe.

Kai! Ga su nan! Haruffa masu ƙananan zobba a kai, a jere kamar an zuba wuri a faifai. Ban iya karanta ko ɗaya ba, amma na tashi tsaye a tsakiyar ɗaki, har maiɗakina ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Na ɗauki hoto na tura wa Auta.

Amsarsa ta sanyaya min gwiwa. "Yaya, ajan ba zai karɓa ba. Sai da Sarabun." Ajan shi ne malam a bakinsu. Nan na fara jin labarin da har yanzu yake min yawo a kai. A ranar 7 ga Satumba 2010 majalisar ministocin Tailan ta amince da zubin haruffa 13 a matsayin na ƙasa, aka umarci ma'aikatun gwamnati su girka su, kuma TH Sarabun ya zama na takardun hukuma, a girman 16. Majalisar ministoci fa, ta zauna kan maganar siffar harafi! Na tuna takardun da nake gani a nan gida, inda ake rubuta "k'asa" ko a bar ta "kasa" kawai, mai karatu ya yi ta canki-canka. Na haɗiye abin da ya taso min, don dare na tafiya.

Auta ya turo fayilolin TH Sarabun New guda huɗu: na yau da kullum, mai kauri, mai karkata, da mai kauri da karkata. Na zuba su a ~/.local/share/fonts, na bi da fc-cache -f don kwamfuta ta san da zuwansu, na sauya suna a cikin fontspec, ƙunshin da ke kiran zubin haruffa. Suka fito, amma ƙanana kamar tururuwa kusa da Turancin. Ashe abin da ya sa suke cewa 16 ke nan: zubin ya tanadi sarari mai yawa sama da ƙasa, sai jikin harafin ya ƙanƙance. Me ake ajiyewa a wannan sararin? Nan ne na shiga makarantar allo a karo na biyu.

Duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru zai gane rubutun Tai da sauri fiye da wanda boko kaɗai ya sani. Baƙaƙe 44 ne, su ne ƙashin bayan layi. Wasulla kuwa ba su da mazauni ɗaya: wani yana zama a gaban baƙi, wani a bayansa, wani a samansa, wani a ƙarƙashinsa, kamar dai wasali bisa da wasali ƙasa a ajami. Sannan ga alamomin karin sauti guda huɗu, waɗanda ke hawa can saman wasalin da ya riga ya hau kan baƙi. Bene hawa huɗu ke nan a layi guda. Da na zuƙo shafin na ƙura ido, sai na ga a wasu wurare alamar sama ta faɗo ta kwanta a kan wasali, sun cakuɗe sun zama tabo. Magani bai wuce kalma biyu ba, Script=Thai, a cikin umarnin kiran zubin. Da na sa, sai kowace alama ta koma hawanta. Har da wata dabara da ta sa na yi tafi ni kaɗai: baƙaƙe masu dogon wuya irin ป da ฝ da ฟ, alamar da ke kansu tana ɗan gocewa hagu don kada ta yi karo da wuyan. Wani ya zauna ya yi wannan tunanin, ya dasa shi a cikin fayil, ni kuma ina Zariya ina cin gajiya. Na ƙara tazarar layuka don hawa na huɗu kada ya taɓa ƙafar layin sama.

Sai wuta ta ɗauke. Batirin kwamfuta ya nuna saura minti arba'in, na kunna fitilar waya na ci gaba.

Matsala ta gaba ita ce ta fi ba ni dariya. Layukan sun ƙi tsayawa a iyakar shafi, sun zarce dama sun fice daga takarda kamar akuyar da ta tsinke igiya. Dalili? Mutanen Tailan ba sa barin sarari tsakanin kalma da kalma. Sarari a wurinsu yana zuwa ne a ƙarshen jimla ko gaɓar magana, kusan aikin waƙafi da aya yake yi. Shi kuma TeX a wurin sarari yake karya layi, don haka ya ɗauki jimla guda a matsayin kalma ɗaya mai tsawon kamu biyu. A tsohuwar hanya sai an fara bi da rubutun ta wata manhaja mai suna swath, ta duba ƙamus ta sassaka alamar \wbr a tsakanin kalmomi. A XeTeX kuwa layi biyu ne:

\XeTeXlinebreaklocale "th"
\XeTeXlinebreakskip = 0pt plus 1pt

Na farko yana cewa a nemi iyakar kalma da ƙamus ɗin Tai da ke cikin ɗakin karatun ICU. Na biyu yana ba da ɗan sassauci tsakanin kalmomi don gefen dama ya miƙe. Na danna ina riƙe da numfashi, sai ga sakin layi uku sun zauna daram cikin shafi, gefe da gefe santal. Ƙarfe biyu da rabi. Na tura, na kishingiɗa ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa a gaban sarki.

Minti ashirin bayan nan waya ta yi ƙara. Murya biyu nake ji, ta Auta da ta abokinsa, shi abokin yana ta ƙyaƙyata dariya har da tari. "Yaya," in ji Auta, "ya ce kundina ya tashi daga bincike kan busar da shinkafa, ya koma bincike kan busar da fari."

Tirƙashi! Ga yadda abin yake. ขาว fari ne, launi. ข่าว labari ne. ข้าว shinkafa ce. Baƙaƙe da wasali duk iri ɗaya, 'yar alamar da ke sama ce kaɗai ta raba su. Mu ma muna da irin wannan, wuya na jiki da wuya ta wahala, sai dai mu ba ma rubuta karin sautin, muna barin jimla ta yi mana alƙalanci. Su kuwa suna rubutawa, kuma idan ta faɗi, ma'ana ta bi ta. Yaya aka yi ta faɗi? Ashe Auta daga PDF ya kwafo fassarar tun farko. Tsofaffin zubin Tai suna ajiye wasu siffofin alamomin nan a gurabe na musamman da ba na asalin Unicode ba, sai PDF ta riƙe su a haka, mai kwafa kuma ya kwaso gurbin da ba kowa ya san shi ba, ko ya baro shi a hanya. Shinkafar nan da muka sha gani a buhu a kasuwa muna kira 'yar Tailan, ita ce na yi wa kwaskwarima ta koma launi, a kowane layi na shafin, ina kuma alfahari da kyan aikina. Abokin ya turo asalin rubutun da ya buga da hannunsa, na liƙa, shinkafa ta dawo. Ya kuma nuna wurare biyu da ƙamus ya yanke wata kalmar kimiyya a tsakiya, na ɗaure su da \mbox.

Na ɗauka an gama. Ina gangarawa don duban ƙarshe sai idona ya faɗa kan shafin sadaukarwa, wanda Auta ya rubuta wa Inna da Hausa. Ashe cikin gaggawa na mayar da Sarabun zubin kundin gaba ɗaya, shi kuwa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. "Abar ƙaunata" ta zama "abar aunata". Inna ta koma abin awo! Cutar da na kwana ina yi wa rubutun wasu magani, ga ta a jikin nawa, kuma nan ma na'ura ba ta ce uffan ba. Na kira Charis SIL, wanda ke da haruffanmu masu lanƙwasa duka, na ba shi Hausa da Turanci, na bar Sarabun a kan Tai kaɗai. Abin da ya ba ni sha'awa, gidan da ya fitar da XeTeX shi ne ya fitar da Charis.

Saura ƙiris guda. Da fayil ya isa kwamfutar Auta mai Windows, ta ce ba ta ga Sarabun ba, alhali ga shi yana aiki a Word. Ya girka shi ne don kansa kaɗai, ba don duk masu amfani da kwamfutar ba, XeTeX kuma bai leƙa wannan lungun ba. Ban tsaya jayayya ba: na ce ya zuba fayilolin zubin a jaka ɗaya da kundin, muka nuna wa fontspec hanyar da Path, muka kira kowanne da sunan fayil ɗinsa. Ladan na kiran assalatu lokacin da saƙonsa ya shigo: "Ya fito, Yaya. Allah ya saka da alheri." A kan shafin farko har shekarar ta fito da lissafinsu, wanda ya ɗara namu na miladiyya da 543.

Mai karatu, in kana aiki da XeLaTeX, da Tai ne ko da Hausa, sa \tracinglostchars=3 a saman fayil ɗinka tun yau. Daga TeX Live na 2021 zuwa sama, wannan layin yana tilasta wa na'ura ta tsaya ta yi ihu duk lokacin da harafi ya ɓace, maimakon ta binne maganar a cikin .log.