Kwana Daban, Barci Daban

A ƙarshen watan Disamba, da jami'a ta ba da hutu, wani ɗalibin kimiyyar harshe ya baro Yamai ya nufi gida. Tafiyar kusan kilomita 900 ce zuwa Zinder, daga nan ya yi kudu zuwa Magarya, sannan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi ƙauyensu a ƙasar Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma a shekarar 2011. A jakarsa akwai littafin da ya ware don aikin da malaminsa ya ba shi, wato tattara gaishe-gaishen safe kamar yadda mutanen karkara ke yin su, kowace tambaya da amsarta. A zatonsa aikin bai wuce na kwana uku ba.

Ya tarar hunturu ya kankama. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe gari da hazo har rana ta koma kamar faifai. Da tsakar rana akwai ɗan ɗumi, amma kafin asuba awon zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Baƙo daga ƙasar ƙanƙara zai raina wannan adadi, domin bai san ɗakin da aka gina don gudun zafi ba. Rufin kwano yana sakin ɗuminsa tun magariba, iska tana kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa, mayafi ɗaya kuma yara uku ke ja. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, maƙogwaro ya bushe. Wannan shi ne ɗari, busasshen sanyi mai tafe da iska, wanda Bahaushe ya bambanta da sanyin damina mai laima.

Tun daren farko barci ya ƙi zuwa masa. Ya juya dama, ya juya hagu, yana jin dangar kara tana kaɗawa, kwanon rufi yana ƙara. Can gefen gari almajirai sun hura wutar karmami suna karatu, har muryoyinsu suka yi ƙasa suka ɗauke. Da dare ya tsala sai ya rage sauti ɗaya, tari daga ɗakin kakarsa, busasshe, mai dogon ja. Ya ƙirga shi har lissafi ya ɓace masa, sai ga kiran assalatu.

Da gari ya waye ya ɗauki littafinsa ya zauna a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ina kwana?" a amsa masa, "Lafiya lau." "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya ɗari?" "Lokacinsa ne." Shi ma da aka gaishe shi haka ya amsa, alhali idonsa ja wur. Ya shiga ya durƙusa ya gai da kakar, ita ma ta ce lafiya lau. Ya rubuta duka, ya ja layi a ƙasa, ya ƙara da cewa amsoshin ƙayyadaddu ne, ba su ɗauke da wani labari game da mai amsawa.

Haka aka yi dare huɗu. A na biyar ya gaji da sauraro daga nesa, ya yafa bargo ya nufi ɗakinta. Ya same ta zaune ta jingina da bango, kaskon gawayi a gabanta, ƙofa a rufe ruf. Ya buɗe ƙofar kaɗan, domin ya san hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

"Kai, maigidan nan, sanyi za ka sako mini? Miji ba bargo, ba goro, sai buɗe ƙofa?"

"Amarya, ai ke ce kika hana gida barci. Yaushe rabonki da runtsawa?"

Tsohuwa ta yi shiru, sannan ta ce tun da iskar nan ta taso ba ta iya kwanciya, in ta miƙe numfashi ya toshe, sai dai ta zauna ta yi gyangyaɗi. Ya ce, to me ya sa kullum take cewa lafiya lau? Ta ce, "Kwana aka tambaye ni, na kuwa kwana. Wa ya tambaye ni barci?"

Wannan amsa ta tsaya wa ɗalibin a rai. A Hausar da ya tashi da ita, kwana shi ne a ƙetare dare a kai safiya, ko ido ya rufu ko bai rufu ba. Shi ya sa ake yin kwanan zaune, matafiyi ya kwana a hanya, tuwo ma ya kwana a tukunya. Da kalmar ake ƙirga lokaci, a ce kwana bakwai, da ita kuma ake auna rai, a ce wane yana da sauran kwana. Barci shi ne abin da ke faruwa a cikin ido, shi ne ɓarawon da ke sace mutum. Ya tuna abokin ɗakinsa a Yamai, mutumin Tawa, wanda kan ce "kwana nika ji" idan barci ya kama shi, domin a Hausar yamma kalmar kwana ta ɗauki ma'anonin biyu. A bakin kakarsa kuwa suna nan a rabe, kuma a tsakaninsu ciwonta ya ɓuya sati da satittika ba tare da ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Ya gane cewa layin da ya ja a littafinsa gaggawa ce. "Lafiya lau" godiya ce ga Allah da ya nuna wa mutum safiya, kuma mai faɗar ta a daren hunturu ya san abin da yake godewa. Labarin jiki yana zuwa ne daga baya, bayan an gama gaisuwa an zauna, kuma ba kowa ke da hurumin tambayarsa ba. Mahaifinsa yana jin nauyin uwarsa, ba zai tsare ta da tambaya ba. Mahaifiyarsa suruka ce, kunya ta ɗaure ta. Jika kaɗai wasa ya ba damar ya tambayi tsohuwa kai tsaye, ita ma ta amsa masa ba tare da ta zama mai raki ba.

Da safe ya sami mahaifinsa bayan salla. "Baba, tsohuwa ba ta barci. A zaune take kwana." Uban ya dube shi, ya ce ai kullum yana gaishe ta. Ya yi shiru, sannan ya aika a kira mai mota. A asibiti a Magarya aka ce ƙirjinta ne ya kamu, ƙura da hayaƙi kuma suna ƙara tsananta shi. Aka ba ta magani, aka ce a riƙa fitar da kasko kafin a rufe ƙofa, a ƙara mata abin rufa.

Sauran hutun a ɗakinta ya yi shi, a kan tabarma kusa da ƙofa. Wani dare su biyun ido biyu, tana ba shi labarin shekarun da ake ɗaukar gyaɗa a kan jakuna zuwa kasuwa, da yadda gawon da ke bayan gida ke fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke kaɗewa. Wani dare kuma sai ya ji numfashinta ya daidaita, ya kasa kunne ya tabbatar barci ne, sannan shi ma ya samu ya runtsa.

A farkon Janairu ya koma Yamai. Aikin da ya miƙa ya fi wanda aka nema tsawo, domin ya ƙara sashe a kan abin da ake faɗa bayan gaisuwa, da wanda ke da ikon tambaya. Malamin ya rubuta a gefe cewa misali ɗaya bai isa hujja ba, ya koma ya tattaro wasu. Ya yarda da gyaran, ya ajiye shi sai hutu na gaba.

Yanzu duk Juma'a yakan kira wayar ƙanensa a kai wa tsohuwa. Sai sun gama ina kwana da ina gajiya da yaya ɗari, kowace da amsarta, sannan ya ce, "Amarya, an dai samu barci?"