Gurnani a bayan akwatin mawaƙi

Duk mawaƙin da ya shigo mana situdiyo da akwatin kayan sautinsa, bayan akwatin nake fara leƙawa. Can wayoyi suke cukurkuɗe kamar taliya. Wutarmu a Nijar volt 220 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. In wayar kuran ta kwanta jikin ta makirfo, gurnanin nan mai sauraro zai ji har Damagaram, ya ce gidan rediyonmu ne. Sai in sa a ɗaure na kuran hagu, na sauti dama, in dole su haɗu su gitta juna. Na'urorin duka su sha wuta daga soket guda mai wayar ƙasa. Amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa, farkon kashewa: lasifika tsada gare ta, mawaƙin biki kuwa ba shi da ta biyu.