Mai Gadin da Na Gani a Liyon

Daga Abuja muka tashi da dare, gari ya waye mana a Paris. Tun daga filin jirgin na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suke kira TGV, kuma cikin kamar awa 2 sai ga ni a Liyon, birnin da koguna biyu, Ron da Son, suka haɗu. Ɗan yayata da ke karatu a can ya tarye ni da rigar sanyi a hannu. Ɗan'uwa, hunturun Kano wasa ne.

Washegari ya ce, "Kawu, zo ka ga abin da ya hana ni zuwa gida da Sallah." Na yi zaton asibiti za mu, in ga marasa lafiya a kwance, tunda ya ce aikinsa kan ciwon daji ne. Ashe ɗakin gwaje-gwaje ne, babu majinyaci ko ɗaya. Abin da na fara gani wasu manyan kwalabe ne a kan wata na'ura tana kaɗa su ba tsayawa, ruwan ciki gurɓatacce kamar farau-farau, ga wani ɗan wari. Ya ce bakteriya ce mai suna E. koli, irin wadda ke zaune a hanjin mutum. Na ja da baya. Shi kuwa ya dafa kwalbar ya ce, "Kawu, nan ce gonata."

Sai da muka zauna ya warware mini. A jikinmu akwai wani furotin da ake kira p53, wanda aikinsa gadi ne. Idan DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta, ya sami lahani, shi ke tsayar da ƙwayar kada ta hayayyafa sai an gyara. In abin ya fi ƙarfin gyara, sai ya sa ta kashe kanta. A 1979 aka gano shi, kuma an shafe kusan shekara 10 ana zarginsa da haddasa cutar, sai a 1989 aka tabbatar cewa hana ta yake yi. A kusan rabin ciwukan dajin ɗan Adam, za ka tarar mai gadin nan ya lalace. Mu kwafi 2 muke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, giwa kuwa tana da kusan 40.

To, kafin ka san yadda ƙofa ke karyewa, sai ka riƙe ta a hannu. Abin da ke jikin mutum na furotin ɗin ɗan mitsitsi ne, don haka sai su ɗauki umarnin ƙera shi su dasa wa bakteriya. Ita kuma, da yake tana iya ninka kanta duk minti 20, sai ta yi ta ƙera shi ba ta san na wane ne ba. Daga nan a fasa ƙwayoyin, a tace, a sake tacewa. Na tsaya ina kallo har yamma. Daga kwalaben nan duka, abin da ya fito bai cika ƙaramin cokali ba, garai-garai kamar ruwan sama. Ya ɗora shi kan ƙanƙara da sauri, don zafi kaɗan ke lalata shi, sannan ya kai firizar da sanyinta ya kai digiri 80 ƙasa da sifili. Na yi shiru ina tunanin yadda za a riƙe irin wannan firiza a gida ba tare da wuta ta ɗauke ba.

A rana ta uku muka wuce ta gaban hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, wadda aka kafa a 1965. A nan ya ba ni labarin da ya hana ni barci. Furotin p53 ɗin nan jerin ƙwayoyi 393 ne, kamar dogon carbi. A ciwon dajin hanta na Afirka da wani yanki na Sin, sau da yawa ƙwaya ta 249 ce ake tararwa ta canza. Tun 1991 aka danganta wannan da afulatoksin, gubar da funfuna ke bari a jikin gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Idan kuma mutum yana ɗauke da cutar hanta nau'in B, haɗarin ya ninku sosai.

Na ji kunya, wallahi. Na girma ina ganin ana tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a ware ta, a sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli, ban taɓa tambaya ba. Sai da na ƙetare hamada da teku aka faɗa mini abin da ke cikin rumbun gidanmu. Ɗan yayata ya ƙara da cewa allurar rigakafin cutar hantar ma da irin dabarar dasa wa bakteriya umarni ake yin ta, sai dai ita a cikin yis, ɗan'uwan wanda ake kwaɓa burodi da shi.

Na dawo da tsarabar cakulan, amma saƙon da na fi so ya iso gare ka shi ne wannan: ka shanya gyaɗarka ta bushe ƙayau kafin ka ɗura a buhu, wadda ta yi funfuna a zubar da ita, kuma jaririn da aka haifa a gidanka a kai shi allurar hanta tun a ranar farko.