Kukan Jirgi a Hamburg, Kukan Mota a Sule Tankarkar

A birnin Hamburg na Jamus akwai wani gida da ake kira Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Ƙananan jiragen ƙasa ne ke ta zirga-zirga a ciki, yawancinsu an ƙanƙanta su sau 87 daga girman na gaske. Jama'a ido suke kaiwa. Ni kuwa kunnena wurin ya kama.

A nan Jamus wasan jirgi na dattawa ne masu furfura, kuma ba su ɗauki kukan injin da wasa ba. Kamfanoni irin su ESU da Märklin sukan je su naɗi sautin kan jirgi na gaske, su zuba shi a wata 'yar na'ura mai ɗan lasifika, a ɓoye ta a cikin ɗan jirgin. In na kwal ne, hucinsa tafiya yake da juyin ƙafafunsa: a hankali in zai tashi, da sauri-sauri in ya miƙa. Birki na ƙara, usur na tashi, har karon shebur ɗin mai zuba kwal ana ji.

Mu a Sule Tankarkar yaro ne injin. Zai fere totuwa, ya tsaga ɓawon kara, ya yanko taya daga sakaina ko tsohon silifa, ya haɗa motar wasa, sauran aikin kuma na baki ne. Kada a raina wannan bakin. Yaron da ya saba jin manyan motocin shanu suna fitowa daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san nishin mota mai lodi, ya san na wadda ta sauke. Yana sauya giya a maƙogwaro, yana sakin iskar birki ta haƙora, in ya yi kuskure abokansa su ce masa ba haka take yi ba. Bajamushe sayen kukan yake yi, namu da kunnensa ya koya, kuma ni na fi ganin gwaninta a nan.

Sai dai abin baki yana tafiya da mai shi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa. Jirgin kwal ya daɗe da barin wannan hanya, yaranmu kuma ba sa kwaikwayon abin da ba su taɓa ji ba. Jikan Bajamushe yana danna maɓalli ya ji jirgin zamanin kakansa. A Gagarawa, waɗanda suka ji hucin namu tun suna yara yanzu tsofaffi ne tukuf. Wayar da ke aljihun kowane saurayi ta isa ta naɗi bakinsu, in an zauna da su an ce, “Baba, yaya jirgin yake yi in zai bar tasha?”