Injin da Kunne Ba Ya Gane Ciwonsa

A garejin ƙasar Hausa, kunne ne babban ma'auni. Gogaggen bakanike zai sa a tayar da mota, ya sunkuya kan inji, ya saurara na ɗan lokaci, ya ɗago ya ce ringi ne ya cinye. Sau da yawa kuma maganarsa tana fitowa daidai, domin injin fistin ba ya iya ɓoye ciwo: yana ƙara, yana rawa, yana fitar da hayaƙi. Da wannan kunnen aka yi shekaru ana tantance motocin da ake kira 'yan Kwatano, waɗanda aka gama hawa a Turai da Amurka, aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Jamhuriyar Benin, aka koro su arewa ta Paraku da Kandi. Wasu sukan ɓulle ta Segbana su shigo Tsamiya, wasu su bi ta wajen Malanbil su faɗo Lolo, duka a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi.

Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sannan ta rufe iyakokin a watan Agustan 2019. Amma motocin da suka riga suka shigo suna nan kan hanya, suna tsufa, suna sauya hannu. A cikinsu akwai ƙalilan da injinsu ya saɓa wa duk abin da kunnen bakanike ya saba ji. Fitacciya a cikinsu ita ce Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012.

Wani ma'aikacin gwamnati ɗan asalin Illo, da ke aiki a Birnin Kebbi, ya sayi irin wannan mota a hannu na biyu, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Farashinta bai kai na Corolla sa'arta ba, kuma kyanta ya ninka. Da safe takan tashi bugu ɗaya. Amma idan ya yi doguwar tafiya zuwa gida ya kashe ta a gidan mai, sai ta ƙi tashi, har sai ta huce. Bakin mai kuma kullum raguwa yake yi, ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Kanikawa uku suka saurari injin, dukansu suka ce lafiyarsa lau, tafiyarsa sumul kamar agogo.

Ba ƙarya suka yi ba, abin da kunnensu ya ji suka faɗa. Injin wannan mota ba shi da fistin. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, a kira shi majuyi, yana zagayawa cikin wani gida mai siffar ƙwai da aka ɗan matse tsakiyarsa. Kowace fuska daga fuskokin majuyin uku tana yin aikin silinda guda: ta shaƙi iska da fetur, ta matse, wuta ta kama, ta fitar da hayaƙi. RX-8 tana da majuyi biyu, kuma sandar tsakiya tana juyawa sau uku kafin majuyi ya kammala zagaye ɗaya. Tun da babu abin da ke hawa yana sauka, babu bugun da kunne zai kama. Injin da ya kusa mutuwa da wanda ke da ƙoshin lafiya kusan muryarsu ɗaya ce.

Ran injin yana rataye ne a kan wasu siraran ƙarafa da ke bakin kowace kusurwa ta majuyi, suna goga bangon gida domin kada iska ta tsere daga wannan ɗaki zuwa wancan. Su ne madadin ringi. Tun farko su ne ciwon kan wannan fasaha. Injiniyan Jamus Felix Wankel ne ya ƙirƙiro ta, aka fara tayar da samfurin farko a kamfanin NSU a 1957. A 1967 kamfanin ya fitar da motarsa Ro 80, ta sha yabo, sai dai waɗannan ƙarafan kusurwa suka riƙa cinyewa da wuri. Kuɗin sauya wa masu saye injuna ya durƙusar da NSU, har Volkswagen ta karɓe shi a 1969. Mazda ta Japan ce ta dage, ta ci gasar tseren sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa da irin wannan inji a 1991. Duk da haka, ita ma sai da ta tsawaita garantin injin RX-8 a Amurka zuwa shekara takwas ko mil 100,000. Idan garanti ya ƙare, inji ya fara rauni, mai mota a can yakan rabu da ita da araha, kuma irin waɗannan ne sukan sami gurbi a jirgin ruwa. Araha ba ta ado.

Wanda ya fara warware wa mutumin Illo batun bakin mai ba bakaniken mota ba ne. Wani dattijo ne mai gyaran injin kwalekwale a bakin Kogin Neja. Da aka yi masa bayani, sai ya ce: "Ɗana, ai wannan ɗan'uwan namu ne. Injin jirgi in ba ka haɗa masa fetur da bakin mai ba, ka kashe shi." Mai motar ya ce: "To Baba, ke nan ba yoyo take yi ba?" Dattijon ya ce: "Abincinta ne take ci." Gaskiyarsa. Injin majuyi yana da wani ɗan famfo da ke ɗiga bakin mai cikin ɗakin ƙonewa da gangan, domin ƙarafan kusurwa su sami santsi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin tsoro shi ne injin da ya daina shan mai, ko mai motar da ya manta da duba sandar awo har mai ya ƙafe.

Ƙin tashi da zafi kuwa alama ce ta daban, kuma ita ce mai nauyi. Idan inji ya ɗauki zafi, gidan majuyi, wanda aka yi da alminiyam, yakan buɗa, mai ya tsinke, ƙarafan da suka cinye su kasa toshe iska. Sai dai kafin a yanke wa inji hukunci, akwai ƙananan abubuwa da ke kwaikwayon wannan ciwo: kwayil da ya gaji, filogi da ya yi baƙi (kowane majuyi filogi biyu gare shi), batir mai rauni, sitata mai nawa, da matatar hayaƙi da ta toshe a cikin salansa. Kowannensu kuɗinsa bai kai ko kusa da na sauke inji ba, don haka da su ake farawa.

Bayan nan sai awon matsi, wanda shi kaɗai ne shaidar da ba ta ƙarya. Ana yin sa ne inji na da zafi. Tun da majuyi biyu ne, kowanne da fuska uku, lambobi shida ake nema. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a gareji yakan riƙe lamba mafi girma kawai, saboda haka fuska ɗaya mai lafiya tana iya rufa wa biyu marasa lafiya asiri. Idan babu na'ura ta musamman, akan cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe allurar ma'aunin, a zuba ido: tsalle uku masu tsayi ɗaya alama ce mai kyau, biyu gajeru da ɗaya dogo na nufin ƙarfen kusurwa guda ya lalace. A ƙa'idar Mazda, a juyi 250 cikin minti ɗaya, lafiyayyen injin RX-8 yana ba da kilofaskal 830, kuma mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi 680 ne. Saurin juyin yana da muhimmanci, domin sitata mai nawa tana rage lambar. Sannan a duba ruwan lagireto. Idan yana raguwa, ko yana kumfa, ko farin hayaƙi yana fita da safe, to robobin da ke raba ruwa da wuta sun ƙone, kuma wannan ma sai an buɗe inji. A yankin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, tafasa guda tana iya jawo haka.

Da aka auna motar mutumin Illo, lambobin shida sun zo kusan kai ɗaya, amma duka suna bakin iyakar ƙasa. Wannan ita ce gaɓar da al'adar "a bari sai ta tsaya" take cin mutum. A injin fistin, ana iya gogar silinda a sa ringi mai girma. Gidan majuyi kuwa cikinsa shafe yake da wani ƙarfe mai tauri, kuma idan ƙarfen kusurwa ya karye ya karce shi, sai dai a sayi sabo. Wanda ya buɗe inji tun yana tashi, wataƙila ƙarafa da robobi da sifirin kawai zai sauya. Wanda ya jira ya mutu a hanya zai iya biyan kuɗin gida da majuyi, wato mafi tsadar kayan ciki.

Shirin gyara a wuri kamar Bagudo lissafin nisa ne kafin ya zama lissafin ƙarfe. Kayan daga ƙasashen waje ake odarsu da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi sama. Ba a sanin duk abin da ake buƙata sai an buɗe an auna kowane ƙarfe, don haka mota za ta yi makonni a kwance, kuma dole a ware ƙarin kuɗi kan abin da aka ƙiyasta. Ana buƙatar hannun da ya taɓa haɗa irin injin, da ɗaki mai tsabta da ƙurar hunturu ba ta shiga. Sayen tsohon inji daga kasuwa, ba tare da lambobinsa shida ba, sayen ciwon wani ne. Dasa injin fistin yana yiwuwa, amma yana jawo aikin giya da wayoyi da kwamfutar mota. Bayan duk wannan akwai fetur, wanda wannan inji ke sha fiye da girmansa, a ƙasar da aka janye tallafi tun Mayun 2023.

Mutumin Illo ya zauna ya rubuta lissafin nan gaba ɗaya, ya tarar ya haura abin da motar za ta yi a kasuwa. Ya zaɓi sayarwa, kuma ya nuna wa mai saye lambobin nan shida kafin a yi ciniki, ko da yake hakan ya rage masa kuɗi. Wani a matsayinsa, mai ƙarfin aljihu da son motar, zai iya zaɓar gyara, kuma bai yi kuskure ba. Abin da ke raba mai hasara kaɗan da mai hasara babba shi ne ranar da aka yi awo.

Ma'aunin matsi ba shi da tsada idan aka kwatanta da inji, kuma amfaninsa bai tsaya kan motar da ba kasafai ake ganinta ba. Injin ban-ruwa a fadamun shinkafa da albasa, injin kwalekwalen da ke ɗauke da mutane a kan Neja ranar kasuwa, janaretan asibitin ƙauye, duk suna da lambar da ke faɗin kwanakin da suka rage musu tun suna aiki. Manomin da famfonsa ya mutu a tsakiyar rani amfanin gonarsa yake asara, mai jirgin da injinsa ya ɗauke a tsakiyar kogi kuwa rayuka ne a hannunsa. Kunnen bakanike gado ne mai daraja, an kuma daɗe ana cin moriyarsa. Abin da ya rage shi ne a ajiye ma'auni kusa da shi, a kuma riƙa rubuta lambar a littafi tun inji yana da lafiya, domin a san ranar da ta fara sauka.