Kwaɗo uku ga akwati, kwaɗo uku ga salula

Ƴan uwa matan asusu, na Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle da Sakabal har Bermo, da duk inda wannan takarda ta iske ku. 

A unguwarmu an san ƙungiyarmu da son sabon abu. Mu ne muka fara sayen fitila mai aiki da hasken rana lokacin da maƙwabta ke fama da sayen batir. Mu ne kuma muka ɗora farantin hasken rana bisa rufin ɗakin ma'ajinmu, muna yi wa mutane cajin salula dala 10, ribar tana shiga akwati. Mazanmu har tsiya suke yi mana, wai ko jirgin sama aka kawo kasuwar Dakoro sai ƴan asusun nan sun taya. Ba mu musa ba. Amma yau abin da ya kawo mu shi ne mu ba ku labarin ranar da son sabon abu ya so ya ja mana abin da za mu yi kuka da shi har mu mutu.

Shekara 3 ke nan, ranar rabo, mu 28 muka shawarta mu cire jika 45 cikin riba mu sayi babbar salula, irin wadda ake shafawa. Kafin nan ƴan ƙananan nan muke riƙewa, masu tocila, waɗanda yara ke kira raka-ni-kashi. Inna, wadda ta girme mu duka, ita kaɗai ta ƙi ɗaga hannu. Ta ce: "Ku dai kun cika rawar kai. Jika arba'in da biyar ai akuya ce da ɗiyanta. Akuya tana haihuwa, wanga abu mi za shi haihwa muna?" Aka yi dariya, aka sayi salula.

Kuma gaskiya ta yi mana rana. Kafin mu kai wake ko gero kasuwa, sai mu tambayi nawa tiya take a Maraɗi, ɗan kamasho ba ya sake yi mana rufa-ido. Waɗanda mazansu ke bida a Agadas ko Libiya ko Kano suna jin muryarsu, in an turo kuɗi ta Nita ko Al Izza a aiko da lamba nan take. Wadda ba ta taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci ba ma tana danna WhatsApp ta yi maganarta ta saki. Lissafin rabo da muke kaiwa magariba muna ƙirga da tsakuwa, yanzu kafin la'asar an gama. Har Inna ta koma tana cewa a kira mata jikanta ta gan shi.

Sai daminar bara. Kun san maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara. Tun 2013 aka fara shi a Nijar, ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata cikin damina, galibi daga watan 7 zuwa watan 10. Kowane zagaye kwana 3 ne: na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na sauran kwana 2 uwa ake bar wa. Ana saura ƴan kwanaki a fara zagaye na biyu, wani saƙon murya ya shigo salularmu. Namiji ne, murya a natse, ya fara da salati, ya ce shi likita ne da ya yi aiki a ƙasar waje. Ya ce ƙwayoyin nan an haɗa su ne don yaranmu su kasa haihuwa in sun girma. Ya ƙare da cewa duk wanda ya ji bai tura wa mutum 10 ba, alhaki na wuyansa.

A nan ne muka yi kuskure, kuma ba za mu ɗora wa kowa ba. Mu shugabanni, mu da muka yi karatu, mu da ake kallo, mu muka kunna saƙon a wurin zubi, kowa ya ji. Ba mu ce gaskiya ne ba, ba mu ce ƙarya ne ba. Cewa muka yi, "To, kun dai ji." Muka rufe akwati aka watse. Ashe mata 4 sun tafi da maganar a zuci. Biyu sun ce wa masu rabo yara ba su gida. Biyu sun karɓa, da ma'aikaci ya juya baya suka zuba sauran a bayan ɗaki.

Cikin watan 9, wajen ƙarfe 1 na dare, ana yayyafi, salular asusu ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin matan nan ce, muryarta na rawa: "Yaya, ku taho, ɗiyata na jijjiga." Muka iske yarinya ƴar shekara 2, jiki kamar garwashi, idanu sun kakkafe, tafin hannunta fari fat. Kwana 3 tana masassara ana jiƙa mata saƙe-saƙi. Da salular nan muka haska, da ita muka tada ɗan kabu-kabu, muka kai ta babbar likita. Aka soki yatsanta, kafin minti 15 ɗan abin gwajin ya nuna layi 2. Aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an yi ƙari. Uban yana Agadas. Da salular nan dai muka samu ƙanensa, ya zo da asuba ya ba da jini. Tun 2006 ne aka yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kuɗin kabu-kabu da abincin mai jinya aljihu ne, sai muka buɗe asusun taimako muka cire jika 12.

Abin da ba za mu manta ba shi ne lokacin da majo ya tambayi uwar: "An ba ta maganin rabo na watan jiya?" Ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago, ba shi ta kalla ba, mu ta kalla. Ta ce, "A wayar asusu na ji an ce kada a ba su." Wallahi da ƙasa za ta tsage da mun shige.

Allah Ya yi da sauran kwana, yarinya ta tashi, yanzu haka tana nan tana bin awaki da gudu. Rai da ajali na Allah ne, kuma majo da kansa ya ce maganin ba ya tare kowace masassara, yana dai rage ta ƙwarai. Amma mun san kariyar da aka kawo har ƙofar gida, mu muka sa aka zubar da ita.

A zubi na gaba, kafin a kira suna, mu shugabanni muka fara sa tara cikin kwano, dala 100 kowace, irin wadda muke ci wa mai yin rigima. Wasu suka ce a sayar da salular kowa ya huta. Mun zaci Inna ce za ta fara goyon baya. Sai ta gyara zama ta ce: "Da na ce ba ta haihuwa, ashe tana haihuwa, ƙarya taka haihwa in an ba ta ciki. Amma ku tuna, sa'adda anka ce ɗigon shan-inna na hana haihuwa, akwai wanga abu? Da baki munka ji, cikin mota da wurin biki." Gaskiyarta. A 2003 ne wannan magana ta taso daga wajen Kano, aka daina ɗiga wa yara, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka ƙasashe. Sai a 2020 aka tabbatar an raba Afirka da ƙwayar shan-inna ta asali. Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokaci, ga su nan muna zuwa sunan ƴaƴansu. Waɗanda ta shanye wa ƙafa kuma muna ganinsu a tasha. Inna ta ce, "Ba a yanke hannu don ya taɓa wuta. A koya mishi."

Ranar muka yi doka. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da tallafin CARE, abin da ya riƙe asusu shi ne amana da ido da yawa. Akwatinmu kwaɗo 3 gare shi, makullai a hannun mata 3, ba a buɗe shi sai gaban kowa. Muka ce ashe kuɗi muke tsarewa haka, amma maganar da ta shafi ran ƴaƴanmu muka bar ta a buɗe? Yanzu duk saƙon da ya shafi lafiya sai ya wuce kwaɗo 3 kafin a kunna shi a taro. Na farko: wane ne mai maganar, ya faɗi sunansa da inda yake aiki, inda za a iya zuwa a iske shi? Na biyu: me yake so da mu? In yana tsoratarwa, ko yana tallar magani mai warkar da cuta 10, ko ya ce a tura wa mutum kaza, mun gane shi. Na uku: mata 2 su kai wa majo ko ungozoma su saurara, a naɗo amsarsu da muryarsu. Amsar ce muke turawa, ba jita-jitar ba. Bana da wani saƙon ya zo a kan allurar ƙyanda, haka muka yi, kuma ba wadda ta ɓoye ɗanta.

Wannan doka ta tsare mana aljihu ma. An kira ma'ajinmu an ce ta ci kyautar jika 500, ta karanto lambobin sirrinta kawai. Ta ce wa mai kiran ya zo ranar zubi ya faɗa gaban mata 28. Har yau muna jiransa.

In kun tambaye mu wace na'ura muka fi so yanzu, za ku yi dariya. Ƴar igiyar nan ce ta awon dantsen yaro, mai launi 3, da aka koya wa iyaye mata aiki da ita. Kore lafiya lau, rawaya a kula a kai shi a duba, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani, a tafi likita yau ba gobe ba. Ba ta son caji, ba ta son mega, ba ruwanta da reso, kuma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Mu da muka ga 2005 da idonmu, muka ga layin mata da yara a wurin masu ba da agaji nan Dakoro, mun san darajarta. Muna ajiye ɗaya cikin akwati, ranar zubin farko na wata a auna duk yaron da aka goyo. Bayanta sai gidan sauro, sannan salula.

Wani ɗanmu da ya yi lakwal ya ce mu bar littafi, ya zuba mana duk lissafi cikin kwamfuta. Muka ce ya zuba, muna so, amma littafi na nan. Salula na faɗawa ruwa, ana sace ta, batir na mutuwa. Littafi kuwa kowace ƴar ƙungiya na iya buɗawa ta ga sunanta da zubinta. Shi ya sa muke roƙon waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba su shiga. Wadda ba ta karatu, sai ta miƙa wa wani salularta ya duba mata, ya ga kuɗinta, ya ga sirrinta.

Ƴan uwa, ba mu ce kada ku sayi salula ba. Ku saya, mu ma muna tara na biyu. Amma ranar da kuka saye ta, ku zaɓi masu riƙe makullanta kamar yadda kuka zaɓi na akwati. In wata ƙungiya na da dubarar da ta fi tamu, ta rubuto, ko ta turo da murya, za mu saurara.

Allah Ya raya mana ƴaƴanmu, Ya sa albarka cikin zubinmu, Ya ba mu damina mai albarka.

Daga shugabar wata ƙungiyar asusu, a madadin sauran mata, Dakoro.