Daren Asabar A Gindin Dutsen Clinch: Inda Muka Tarar Da Ɗan'uwan Gurmi

 A wannan wata muna so mu ba ku labarin wata tafiya da Allah ya nufe mu da yi zuwa ƙasar Amurka a watan Satumba na shekarar 2023. Mu huɗu ne, dukanmu malaman makaranta, biyu daga Kumasi, ɗaya daga Tamale, ɗaya daga Ankara babban birninmu. An gayyace mu kwas na 'yan makonni kan dabarun koyarwa a wata kwaleji da ke cikin duwatsun kudu maso yammacin jihar Birjiniya. Labarin kwas ɗin sai wani jiƙon. Na yau shi ne abin da muka gani da dare bayan an tashi daga aji, domin shi ne ya biyo mu har gida ya hana mu sakat.

Kafin mu tafi, abin da muka sani game da kiɗan Amurka bai wuce wanda yaranmu ke kallo a waya ba, wato ƙaton fili, wuta kala-kala, da mawaƙi can nesa kamar tururuwa. Da muka faɗa wa mai masaukinmu haka, wata dattijuwar malama da ta yi ritaya, wadda muke kira Iya, sai ta yi dariya ta ce, "Malamai, wannan na talabijin ne. Ku bari in kai ku inda ake yin namu." Gani ya kori ji, muka ce mun yarda.

Wurin farko da ta kai mu shi ne garin Bristol. Gari ne mai ban mamaki, don babban titinsa shi ne iyakar jihohi biyu. In ka tsaya a wannan gefe kana Birjiniya, in ka tsallaka kana Tenesi, ga kuma 'yan alamu na tagulla an kafa a tsakiyar kwalta. Mu da muka san wahalar iyakar Aflao, sai muka yi ta tsallakawa muna dawowa kamar yara, ba mai tambayarmu takarda.

A wannan gari ne a shekarar 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai na Victor, mai suna Ralph Peer, ya kafa na'urarsa ya yi shela cewa duk mai waƙa a ƙauyukan duwatsu ya zo. Cikin kwana goma sha biyu aka ɗauki waƙoƙi 76 daga ƙungiyoyi da mawaƙa 19. Cikinsu har da Jimmie Rodgers da iyalin Carter, waɗanda daga baya suka zama iyayen kiɗan da ake kira kantiri. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta amince da Bristol a matsayin mahaifar wannan kiɗa, a 2014 kuma aka buɗe gidan tarihinsa, wanda muka shiga muka ji tsofaffin faya-fayan da kunnenmu.

Mun yi sa'a zuwanmu ya dace da bikin kiɗa na kwana uku da garin ke yi a watan Satumba, wanda aka fara a 2001. An rufe titi, an kafa dandamali nan da can, amma Iya ta janye mu daga manyan ta shigar da mu wani ɗan ɗakin shan shayi da kofi wanda bai fi ajinmu ɗaya girma ba. Mutum arba'in ko ƙasa da haka ke ciki. Wata yarinya ce riƙe da jita, da wani saurayi mai ƙaton goge da ya kai tsayin mutum, yana jan tsirkiyarsa da yatsa. Tana fara waƙa ɗakin ya yi tsit, har ƙarar cokali a kofi sai da muka ji. Waƙar kan mahaifinta ce da aka rufe ma'aikatar da yake aiki. Ba kowace kalma muka kama ba, don Turancin mutanen duwatsu ba irin wanda aka koya mana a kwalejin horon malamai ba ne, amma mun ga wani dattijo a gabanmu yana share ido da bayan hannu.

Iya ta bayyana mana cewa irin waɗannan su ake kira indi, wato mawaƙa masu cin gashin kansu, waɗanda ba su ƙarƙashin babban kamfani. Kiɗan nasu kuma Amerikana ake ce masa, gaurayen kantiri ne da bulus da waƙoƙin coci da na ƙauye. Masu harkar sun kafa ƙungiyarsu a 1999, kuma tun 2010 ake ba da kyautar Grammy ta musamman ga faifan irin wannan kiɗa. Da aka tashi, yarinyar da kanta ta koma bakin ƙofa ta tsaya a wani ɗan tebur tana sayar da faya-fayanta da riguna. Muka tambaye ta yadda sana'ar ke ciyar da ita. Ta nuna mana wata tsohuwar bas a waje, kamar torotoron Aboabo, ta ce a ciki suke yawo gari-gari, wani dare su kwana gidan masoya, wani dare cikin motar. Ta ce abin da ake biyansu in an saurari waƙa ɗaya a intanet bai kai sulai ɗaya na ƙasarsu ba, saboda haka wannan tebur da kuɗin ƙofa su ne abincinta. Abokinmu na Tamale ya sayi faifai ɗaya, alhali ko na'urar sa shi ba shi da ita.

Juma'ar da ta biyo muka yi tafiyar awa biyu da ɗoriya zuwa wani ƙaramin gari mai suna Floyd. A can akwai wani tsohon kanti inda ake sayar da alewa, da tufafin aikin gona, da kayan kiɗa. Tun shekarun 1980, kowace Juma'a da dare ake ture kaya gefe a jera kujeru, a fara da waƙoƙin coci, sa'an nan a shiga na rawa. Rawarsu ta ƙafa ce zalla, jiki a miƙe, wasu da ƙarfe a ƙasan takalmi, sai ka ji katakon ɗakin ya zama ganga. Tsohuwa mai shekara tamanin tana yi, jikanta na kusa da ita yana kwaikwayo.

Amma abin da ya tsayar da mu a waje yake. A bakin titi mutane sun yi da'ira-da'ira, biyar nan, bakwai can, kowa da abin kiɗansa, ba lasifika, ba tikiti. A wata da'ira muka ga wani tsoho riƙe da banjo, abin kiɗa mai zagayayyen ciki da aka ɗaure kamar ganga, da dogon wuya, da tsirkiya biyar, ɗaya gajeriya. Yana dukan tsirkiyar da bayan farce zuwa ƙasa, babban yatsa na biye. Abokinmu na Kumasi ya kama hannun na kusa da shi ya ce, "Malam, don Allah saurara. Wannan ba gurmi ba ne?"

Da tsohon ya huta muka gaishe shi, muka gaya masa daga inda muka fito. Sai ya miƙe tsaye ya miƙo mana banjon da hannu biyu, ya ce ai kayanku ne ya dawo hannunku. Shi da Iya suka ba mu tarihin, wanda daga baya muka karanta muka tabbatar. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma su ne suka fara ƙera banjo a tsibiran Karebiyan tun ƙarni na 17, da duma da fata da sanda. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda shi kansa ɗan Birjiniya ne mai bayi, ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. Masu bincike sun fi ganin kamarsa da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, amma dangin suna da yawa, kuma gurmi da molo da garaya namu, da kologon mutanen Bolgatanga, duk 'yan gida ɗaya ne. Daga shekarun 1830 wasu Turawa suka koya a hannun bayi, suka riƙa shafa baƙi a fuska suna wasan yi wa baƙar fata ba'a da shi. Sannu a hankali jikokin masu abin suka yar da shi don kunya da takaici, har aka wayi gari kowa na zaton kayan Turawan ƙauye ne. Sai a 2005 aka yi taron baƙaƙen fata masu kaɗa banjo a garin Boone na Karolina ta Arewa. A nan Rhiannon Giddens ta haɗu da abokanta, suka riƙa zuwa gidan wani tsoho mai goge, Joe Thompson, suna ɗaukar karatu, suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, suka ci Grammy a 2011. Tsohon ya rasu a 2012. Da sun yi jinkirin shekara goma, da ya tafi da abinsa.

A da'irar nan akwai yara biyu 'yan firamare, kowanne da ƙaramin gogen Turawa. Mu malamai ne, dole mu tambaya. Aka ce mana ai akwai shirin koyar da yara kiɗan gargajiya bayan an tashi daga makaranta, wanda wata ma'aikaciyar makaranta, Helen White, ta fara a garin Sparta a shekarar 2000, ya kuma bazu cikin jihohin duwatsun. Muka dubi juna, ba wanda ya ce uffan.

Washegari Asabar Iya ta kai mu wuri na ƙarshe, kusa da ƙauyen Hiltons, a gindin dutsen Clinch, mahaifar iyalin Carter. A. P. Carter, da matarsa Sara, da Maybelle matar ƙanensa, daga wannan kwari suka tashi a motar aro suka je Bristol a 1927. 'Yarsu Janette ce ta fara tara mutane daren Asabar a tsohon kantin mahaifinta a 1974, don cika alkawarin da ta yi masa cewa waƙoƙinsa ba za su mutu ba. Da wuri ya yi kaɗan aka gina wata babbar rumfar katako a jikin tudu, mai cin mutum wajen 800. Ita ma ta rasu a 2006, zuriyarta suka ci gaba. Dokar gidan ita ce ba giya, kuma kayan kiɗa na hannu ake so, ba na lantarki ba. Johnny Cash, surukin gidan, a nan ya yi wasansa na ƙarshe a watan Yuli na 2003. An kuma ba mu labarin Lesley Riddle, wani baƙar fata mai ƙafa ɗaya, gwanin jita, wanda ya riƙa raka A. P. ƙauye-ƙauye neman tsofaffin waƙoƙi, shi yana haddace karin, A. P. na rubuta baitocin.

Magariba ta same mu a can. Muka shimfiɗa rigunan sanyinmu a kan ciyawa bayan motar Iya muka yi salla, masu wucewa suka riƙa kewayewa a hankali don kada su gitta gabanmu. Muka shiga muka zauna cikin manoma da direbobi da jikokinsu har aka tashi.

To jama'a, ga inda maganar take. A hanyar komawa ba mai magana a motar, domin kowannenmu ya tuna da wani. Mu na Kumasi mun tuna da Baba mai gurmi na unguwarmu, wanda muna yara ba a suna ko aure sai da shi. Yau in za a yi biki sai a yi hayar lasifika huɗu da yaro mai kwamfuta, a tare hanya, a kwana ana damun marasa lafiya. Mun kuma tuna, da kunya, cewa mu ɗin nan mun sha sa yara durƙuso a makaranta don sun yi Hausa a aji, har da jikan Baban. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan. 'Ya'yanmu suna jin Tuwi da Turanci fiye da yadda suke jin karin maganar kakanninsu. Batun halacci ko haramcin kiɗa mun bar wa malamanmu na addini, su ne masu wannan fage. Abin da muka sani a matsayinmu na masu riƙe alli shi ne, a bakin irin su Baba akwai sunayen sarakunan zango, da labarin fataken goro da suka taka daga Kano zuwa Salaga, da Hausar da babu ita a littafin da muke koyarwa. Jikokin bayin Amurka tilas da wulaƙanci suka raba su da banjo. Mu wa ya tilasta mana?

Da muka dawo mun je gaishe da Baba. Mun same shi da ransa, alhamdu lillahi, sai dai ido ya yi rauni. Gurmin na rataye a ƙusa, fatar ta tsage. Muka ce, "Baba, in an gyara za ka koya wa yara?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, shekara nawa ba wanda ya tambaye ni wannan. Ku kawo fata, ku kawo yaran." Mun haɗa 'yan sidi an ɗaura sabuwar fata. Yanzu ranar Asabar bayan la'asar yara shida kan zauna gabansa a zauren gidansu, da izinin iyayensu, mu kuma muna gefe da littafi muna rubuta abin da yake faɗa.

Ba mu da dutsen Clinch, ba mu da rumfa mai cin mutum 800, amma kowane zango daga Bawku zuwa Sekondi yana da zaure, yana kuma da tsoho. Muna roƙon 'yan'uwanmu malamai kowa ya duba unguwarsu tun da sauran lokaci, ya rubuto wa wannan shafi abin da ya samu. Allah ya ba dattawanmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.